Yadda Za Ki Ci Gardamar Littafi Da Fim Ko Ba Ki Iya Karatu Ba

'Yar'uwa, idan aka mayar da littafi fim, mata suka taru suna musun wanne ya fi, kada ki yi tsuru-tsuru don ba ki yi boko ba. Bi matakan nan, na ba ki tabbaci ke za ki tashi da nasara. A wurin Furera na koya, matar yayana Rufa'i, Allah ya jiƙansa. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma duk unguwarmu a Doguwa babu mai ja da ita a kan littafi.

1. Samu mai karanta miki

Yaya Rufa'i noman rani yake yi. In ya dawo daga fadama da la'asar, sai ya wanke ƙafa ya zauna a bakin gado ya karanta mata. Lokacin tana kwance bayan ɓarin da ta yi, ba ta cin abinci, tana cewa kanta ya juye. Littafin kashi uku ne, kowanne ya yi masa bango da takardar buhun siminti. Labarin wata mata ce da kullum take tarar an sauya wa kayan ɗakinta wuri, kowa yana cewa ta haukace. Idan mai karanta mikin ya rasu, kada ki damu da jarrabawa. Abin da ya shiga kunne ya zauna.

2. Koyi tsaki

Da Furera ta fita takaba, muka je kitso gidan Mubaraka, malamar firamare, aka kunna mana fim ɗin a waya. Ba a yi minti biyar ba Furera ta ja tsaki. Tsaki rabin ilimi ne, kada ki yi wasa da shi.

"Wannan ce matar? Ji kumatu! Wadda ta yi wata uku ba ta runtsa ba?"

"Haba Yaya Furera, jaruma ce fa," in ji Mubaraka.

"Jarumar tuwo. A littafi cikin kanta kike zaune, in ta ji motsi ke ma gabanki ya faɗi. Nan kuwa sun saka kiɗa, tun ba a taɓa ƙofa ba kin san za a taɓa. Kuma mace tana zargin kanta da hauka, wa ya aike ta rawa a gindin mangwaro?"

Mata suka kwashe da dariya. Ci ɗaya ke nan.

3. Kama ƙarshen labari ki riƙe gam

A fim, matar ta barbaɗa toka a bakin ƙofa don ta ga sawun mai shigar mata ɗaki. Da safe ta duba, sai ga sawunta ita kanta. Ashe ita ce mara lafiyar. Furera ta miƙe da rabin kitso a kai.

"Ƙarya ne! Sawun dillalin da yake son su tashi daga gidan ne. Takalminsa ma ɗaya ya cinye ta gefe. Matar nan lafiyarta ƙalau!"

4. In an ce kawo shaida, ce to

Mubaraka ta ajiye tsinken kitso. "Ni fa na karanta shi kaf. Yadda fim ya ƙare, haka littafi ya ƙare. Kawo naki mu gani."

A nan masu ƙaramar zuciya suke cewa sun bar tukunya a wuta. Furera kuwa mayafi ta yafa, ta je ta buɗe akwatin marigayi, ta dawo da kashi na uku.

5. Ba 'yar gida ta karanta

Ni ta miƙa wa. "Hasiya, ke kin yi aji huɗu. Karanta musu wurin tokar."

Na buɗe. Layin farko da na haɗa da ƙyar cewa yake a duba mai kafin a tayar da inji. Na juya shafi, ga hoton tiyo. Littafin injin ban-ruwan Yaya ne, an yi masa bango irin na sauran.

Idan haka ta same ki, kada ki ɗaga kai. Na tuna ranar da na kawo musu kunu na tarar da shi yana karanta mata wurin tokar nan. Sai na ɗora yatsa a kan layin man inji, na fara faɗo abin da na ji daga bakinsa: yadda matar ta durƙusa, ta auna sawun da tafin hannunta, ta ga ya fi nata girma, ta yi dariya karo na farko.

6. Yi addu'a abokiyar musunki tana da hankali

Mubaraka ta leƙo ta kafaɗata. Ta ga tiyo. Ta buɗe baki, sai ta kalli Furera, ido a rufe, leɓɓanta suna bin nawa kalma bayan kalma.

"Wataƙila nawa bugun baya ne," in ji ta. "Yaya, zauna in ƙarasa miki kan."

7. Kada ki yi ikirari a hanya

Ni na yi. Muna daidai injin niƙa na ce, "Yaya, littafin nan fa..."

"Na inji ne. Na sani."

Na tsaya cak.

"Sau uku ya je kasuwar Tudun Wada, kashi na uku bai zo ba. Karatu ne ban iya ba, Hasiya, ba hoto ba."

"Kuma ba ki taɓa gaya masa ba?"

"In gaya masa ya daina? Mutum ya zauna yana juya shafin inji, yana gaya min matar nan ba mahaukaciya ba ce. Ranar na ce a ƙaro min kunu."

Gargaɗi

Wadda ta bi matakan nan aka kama ta da littafin inji a gaban mata, babu ruwana, kada ma ta ce ta san ni. Wadda kuma ta hau mota ta tafi neman irin kashi na ukunmu a kasuwa, wahalarta a kanta. Guda ɗaya tak aka yi, wanda ya yi shi kuwa mun raka shi makwancinsa bara da kaka.