Hular Lantarki da Ludayin Tabawa

A ƙauyen Fadamar Ɗinya an yi wani manomin rani mai suna Nomau. In ana batun albasa da tattasai babu na biyunsa, amma da zarar ya baro bakin fadama sai an yi masa jagora. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da garin zai taru yana dariya. Su biyu ne a gida, shi da matarsa Tabawa, sai yayarsa Delu da katanga ta raba su. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka Tabawa ta tattara duk faɗan da za ta yi wa 'ya'ya ta juye wa mijinta. In ya sa riga a baibai, "Ba haka ba, Malam." In ya ɗaure akuya a jikin turmi, "Ba haka ba, Malam." Shi kuwa ko a jikinsa. Daɗi ma yake ji, don ya san muddin muryar nan na tashi ba zai ɓata ba.

Wata rana da hantsi Tabawa na dama fura, ta miƙa masa ludayi ta ce, "Riƙe min wannan, Malam." Ya karɓa. Ta yunƙura za ta ɗauko nono, sai ta sulale ta faɗi. Aka kwashe ta zuwa babban asibitin birni, likitoci suka ce wata jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwarta. Allah ya yi da sauran kwana, amma hannun dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke ɗif. Tana gani, tana ji, baki ne ya ƙi. Suka dawo gida, gidan ya yi wa Nomau faɗi, ya rasa mai ce masa ba haka ba. Ludayin kuwa bai ajiye ba. Da shi yake zuwa fadama, da shi yake zuwa masallaci, a soke a aljihu.

Delu ta ce, "Kai Nomau, ajiye abin nan mana, mutane na kallonka."

Ya ce, "Yaya, riƙe ta ce. Ba ta ce ajiye ba."

Wata rana da suka koma asibiti, wata matashiyar likita mai suna Zulai ta zaunar da su. Ta nuna musu wata hular roba mai soso biyu a ciki, da waya da ta tafi zuwa wani ɗan akwati.

Ta ce, "Baba, gwaji ne muke yi, ban yi maka alkawari ba. Za mu jiƙa soson da ruwan gishiri mu ɗora a kan Inna, mu saki lantarki ɗan kaɗan, wanda bai kai na tocila ba. Ba yanka, ba allura, ɗan ƙaiƙayi kawai za ta ji. In ya ratsa wurin da ke kula da magana, wurin yakan ɗan farka, jini ya ƙara kwarara can. Kamar dai ka buɗe wa fangalin albasa ruwa."

Nan Nomau ya gyara zama, don an zo inda ya sani. Ya ce, "To madalla. Amma a saki a hankali, likita, kada ya kwashe iri."

Ta yi murmushi ta ce, "A hankali muke saki. Sai dai ka tsefe mata kitson nan kafin ku dawo, don soso ya taɓa fatar kai."

Da suka isa gida Delu ta zo da tsinken tsifa, maƙwabta mata suka biyo ta. Nomau ya tare ƙofa ya ce, "Ni aka ce." Suka ce ina aka taɓa ganin namiji na tsifa? Ya ce shi dai shi aka ce. Ya zauna ya ɗora kan Tabawa a cinyarsa, ya dinga warware kitson da ƙattin yatsunsa, sili-sili, yadda yake cire ciyawa daga cikin irin albasa. Matan suka yi dariya har suka gaji, daga baya suka zauna suna kallo. Hawaye ya gangaro wa Tabawa. Nomau ya tsorata ya ce, "Na ja da ƙarfi ko?" Ta girgiza kai, ta kama gefen rigarsa da hannun hagu, ba ta saki ba har ya gama.

Wata rana ana cikin sa hula, Nomau ya tambayi likita me jinin ke kai wa can ɗin. Ta ce, "Abinci, Baba. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, ba ta ajiya. Sukari da iskar da muke shaƙa jini ke kawo mata, in ta ƙara aiki sai ta ƙara ci." Nomau ya riƙe wannan magana gam. Da suka dawo zama na gaba, ma'aikaciyar jinya ta kwance ɗankwalin Tabawa, sai ga curin mazarƙwaila zaune a tsakiyar kai, ya fara narkewa, kiyashi har sun yi layi.

Ta ce, "Innalillahi! Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Na ga hanyar ciki ta yi nisa ne, na kawo mata kusa."

Ma'aikaciyar ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai suka ji wani sauti daga kujera. Tabawa ce ke dariya da rabin bakinta, kafaɗarta na rawa. Rabonta da dariya tun ranar furar nan. Aka wanke kai, aka makara, amma babu wanda ya yi wa Nomau faɗa.

Wata rana Nomau ya ce wa likita yana da batir a rediyo, ko ya riƙa ɗan taimakawa a gida? Zulai ta ɗaure fuska, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Ta ce, "Kul, Baba! Wannan a aune yake, na gida ƙona ta zai yi. Kada wani abu mai batir ya kusanci kan Inna." Suna komawa ya kwashi rediyo da tocila da agogon bango ya jibge a ɗakin Delu. Sai da ya gama ya tuna Tabawa ba ta karyawa sai da labaran safe. Ya yi tagumi, can ya ɗauko kujera ya zauna daidai inda rediyon yake zama, ya yi gyaran murya. "Ga labaran duniya. Ruwa ya ja baya a fadama. Jakin Sallau ya shiga tattasan Mati, an yi baran-baran." Kullum safiya haka. Tabawa takan zuba masa ido, leɓenta na motsi, kalma ta zo har bakin ƙofa ta koma. Wannan ne ke cin ran Nomau, ya fita bayan gida ya share ido, ya dawo ya ci gaba da labarai.

Wata rana likita ta nuna masa allon na'urar da ke auna jinin kai, ta ce, "Ka ga nan? Jini na ƙaruwa in mun kunna. Amma ruwa kaɗai ba ya yin albasa, sai da iri. Dole ta yi ƙoƙarin magana a lokacin da hular ke kanta. In za ku dawo, ka zo da abin da ta fi ambata a gida, ka ɗora a teburin nan gabanta." Ita tukunya take nufi, ko tsintsiya, ko faifai. Nomau ya rasa wanne ne, ya leƙa katanga ya tambayi Delu. Delu ta ce, "Wa take ambata in ba kai ba? Ai da sunanka muke tashi a unguwar nan."

Ranar zama aka sa wa Tabawa hula, aka kunna. Likita ta ce, "Baba, ina abin?" Nomau ya cire takalmi, ya tattare riga, ya haye teburin ya tsuguna. Teburin asibiti ba don manomi aka yi shi ba. Ya yi ƙara, ƙafa ɗaya ta fara lanƙwashewa, Nomau na tangaɗi yana riƙe da hular kansa, rigar ma a baibai take. Likita ta miƙe za ta yi magana, wata murya ta riga ta, a shaƙe, a karkace, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ba... haka ba... Malam."

Tabawa ta ja numfashi, gumi ya keto mata ƙarƙashin hular. Ta ce, "Sauko."

Ya sauko. Zulai ta dubi allo, ta dubi tsohon nan da ke tsaye ba takalmi, ta ce a hankali, "Wallahi Baba ban san rabon da zan ba na'ura da wanda zan ba ka ba." Nomau bai ji ta ba. Ya durƙusa gaban matarsa, hawaye na bin gemunsa, ya laluba aljihu ya zaro ludayin, wanda ya yi baƙi ya yi santsi don riƙo.

Ya ce, "Tabawa, ga shi ina riƙe da shi. In ajiye?"

Ta daɗe tana kallon ludayin. Sannan ta miƙo hannun hagu ta buɗe tafinta.

Ta ce, "Kawo."