Rumfar da Muka Gina wa Mai Girma

Yau da safe na yi tuntuɓe da harsashin gini, jama'a, har babban yatsana ya kumbura. 'Yata na raka makaranta, ina tafe ina gaisawa da mutane, sai ji na yi ƙafa ta ci karo da bulo. Ɗaya ne daga cikin harsasan da manyanmu suka aza a filin makarantar unguwarmu. Biyar ne yanzu, kowanne da ɗan allonsa na ƙarfe, a jere kamar kaburbura. Amma ban yi fushi ba, don sabon ne ya buge ni, shi kuwa ina ƙaunarsa. Bari ku ji dalili.

Shekara tara ke nan 'yan aji huɗu suna karatu a gindin bishiya. Da hadari ya haɗo, an tashi makaranta ke nan. Bana 'yata ce a ajin, ga damina ta ƙarato. Duk babban mutumin da ya hau kujera sai ya zo da jerin motoci, ya ɗora bulo ɗaya, ya shafa siminti da cokali mai ƙyalli, a tafa, ya tafi. Allah ya saka musu, ba su taɓa hana mu bulon farko ba. Na biyun ne dai har yau ba mu sa a ido ba.

Kwatsam sai ga baƙi daga ƙasar waje, su goma sha biyu, 'yan aikin sa kai. Sun bar gidajensu sun zo su gina mana aji cikin sati uku. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai ƙatuwar malafa, wadda rana ɗaya ta mayar da ita ja kamar tumatir. Muka sa mata Iya Mai Malafa. Suka sayi bulo da kwano da katako, suka ɗauki maƙwabcina magini ya ja ragamar aikin. Ni tela ne, amma na rufe shago na zo ɗiban yashi.

Ranar da za a fara haƙa, sai ga Sakataren Mai Girma, wato babban da ke kan kujera yanzu, tumbi a gaba, takarda a hannu.

"Wa ya ba ku izini?" in ji shi. "Ba a ɗora bulo a nan sai Mai Girma Uban Ci Gaba ya aza harsashi."

Magini ya nuna masa layin. "Ranka ya daɗe, ga harsashi nan har huɗu. Mu ɗauki ɗaya mana."

"Waɗannan na mutanen baya ne. Sun daina aiki."

Iya ta sa malamar aji, wadda ke yi mata fassara, ta tambayi ranar da Mai Girma zai zo. Sakatare ya ce, "Nan ba da jimawa ba." Baiwar Allah ta ciro biro za ta rubuta, tana jiran a faɗi ranar. Muka sunkuyar da kai.

Litinin aka ce Mai Girma ya tafi taro. Laraba aka ce ya dawo, yana huce gajiyar taron. Kwana shida baƙinmu suna zaune a kan bulo suna korar ƙuda. Sakatare kuma ya kwantar mana da hankali, wai in lokaci ya ƙure za a kwashe kayan a kai ma'ajiyar ofis a adana mana. Nan gabana ya faɗi. Na san ma'ajiyar nan. Injin rijiyarmu ya shiga cikinta shekara uku da suka wuce, kuma na ji yana nan lafiya ƙalau a gidan surukin wani. Da la'asar na ga Iya tana share hawaye a ƙarƙashin malafa, wallahi kunya ta kama ni kamar ni na yi laifin.

Washegari magini ya leƙo shagona. "Tela, sa babbar rigarka ka raka ni ofis. Kar ka ce uffan, gyaɗa kai kawai."

Muka shiga, muka durƙusa. Magini ya marairaice murya. "Ranka ya daɗe, abin da ya hana mu sukuni shi ne, ranar biki ina Mai Girma zai zauna? Filin nan rana ce tsagwaronta."

"Za a kafa rumfar tamfol."

"Da wannan iskar? In ta rufto masa gaban 'yan jarida, wa za a tambaya?"

Sakatare ya gyara zama. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai.

"Shi ne muka ce ko mu tada masa 'yar rumfa mai ƙwari," in ji magini. "Ɗan bango saboda ƙura, 'yar taga don ya sha iska, sai kwano ko da ruwa zai sauko."

"Ba dai aji ba ne ko?"

"Haba ranka ya daɗe! Aji ba a aza harsashi ba? Mu mahaukata ne?"

Kafin shayin Sakatare ya huce an buga wa takarda hatimi. Ashe ofishin nan yana da sauri, ba mu san hanyar ba ce kawai.

Kwana goma sha huɗu muka yi ba ji ba gani. Mata suna kawo ruwa, Iya tana kwaɓa siminti, magini yana daka wa kowa tsawa a kan igiyar awo, ba ruwansa da wanda ya sauko daga jirgi. Baƙi suka koyi "sannu da aiki", suna faɗa wa kowa har da awaki. Sakatare ya zo duba aiki sau ɗaya, ya tsaya yana kallon bango.

"Wannan baƙin allon fa?"

"Na rubuta barka da zuwa ne, ranka ya daɗe."

"Benci ashirin ɗin nan kuma?"

"Na 'yan rakiya."

Ana gobe baƙi za su tafi Mai Girma ya iso. Ya zauna a rumfarsa, ya sha iska, ya yaba. Sannan ya fito tsakar rana, ya ɗora bulo na biyar a layi, ya yi alkawarin nan da shekara biyu za a ga aji a wannan wuri, irin wanda ba a taɓa gani ba. Yara suna leƙensa ta taga shida. Da malama ta fassara wa Iya, ta yi ta tafi tana dariya har malafa ta faɗi.

Ran Alhamis aka tafka ruwan farko. Ina shago na ji shi a kan kwano, na miƙe da saurina zan je ɗauko 'yata kamar yadda aka saba, sai na tuna. Na koma na zauna. Da azahar ta dawo da littafinta a bushe, tana ba ni labarin lissafin da aka koya musu ana ruwa. Ban san lokacin da idona ya cika ba.

Af, har na manta. Matan unguwa sun ce a rubuta wa Mai Girma ya zo ya aza mana harsashin asibiti. Magini ya ce wannan karon rumfar sai an sa mata gado shida, don kun san Mai Girma mutum ne mai yawan gajiya.