Takalmin Malam Sabi'u

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka tilasta mini yin magana a aji ɗaya, duk da na sha ƙoƙarin mantawar. Yanzu ina sakandare, amma har yau in na bi ta ƙofar tsohuwar firamarenmu a nan cikin Daura sai na ƙara sauri.

A lokacin ni yarinya ce da ba a jin muryarta. A gida ina surutu daidai gwargwado, amma da na taka ƙofar aji sai bakina ya ɗinke. Kaina kullum a sunkuye yake, shi ya sa ban san fuskokin mutane sosai ba, ƙafafunsu na sani. Na san wanda silifas ɗinsa ya tsinke aka soke da ƙusa, na san wadda lallenta ya fara gogewa, malamai kuwa ta takalma nake gane su tun kafin su yi sallama.

Malamarmu, Malama Hadiza, tana da wata al'ada. Kowace safiya, bayan mun gaishe ta mun rera baƙaƙe, sai ta ta da mutum biyu ko uku su faɗi abin da suka gani a hanya. Yara suna son abin. Wannan ya ga raƙumi, wancan ya ga mai babur ya faɗi da kwandon tumatir, wani ma ƙarya yake shararawa a tafa masa. Ni in aka zo kaina sai in miƙe in kama bakin hijabina ina murzawa, har Malama ta gaji ta ce in zauna.

Da ƙarshen shekara ya matso sai ta aika wa Innata cewa rubutuna yana da kyau, ƙirge ma ba laifi, amma ba za ta tura yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki ba zuwa aji biyu. Ranar Laraba Hedimasta zai zo da malamin aji biyu su saurari kowa. In na yi magana in wuce, in ban yi ba in maimaita. Maimaitawa kuwa na nufin Zulai, ƙawata ɗaya tak, wadda ke amsa tambaya a madadina, za ta tafi ta bar ni da sababbin yara masu majina.

"Ke da kike cika mana kunne a gidan nan?" in ji Inna tana tankaɗe. "Magana ɗaya ce fa. Ki faɗa ki huta, mu ma mu huta."

Sai na shirya. Akwai wata babbar mota ɗauke da buhunan gero da ta lalace a bakin titinmu, ita na zaɓa. Na haddace: "Na ga babbar mota ta lalace, direban yana kwance a ƙarƙashinta." Na yi ta faɗa wa akuyarmu a bayan ɗaki (ita ce kaɗai mai sauraron da ba na jin kunyarta), har na iya faɗa ba gargada.

Ranar Laraba Hedimasta ya shigo ya zauna a kujerar Malama. Malam Sabi'u, malamin aji biyu, ya tsaya a gefen allo ya goya hannu a baya. Aka fara bin layi. Saura mutum ɗaya a zo kaina, wani Nafi'u ɗan unguwarmu ya miƙe, ya share hanci, ya ce ya ga babbar mota ta lalace. Har direban bai bar mini ba.

Na miƙe. Na ce, "Ni ma na ga mota," can ƙasan maƙoshi.

"Ban da maimaici, 'yata," in ji Malama a hankali. "Faɗi wani abin. Ko jiya ne, ko shekaranjiya, duk abin da idonki ya gani."

Kaina ya zama fanko. Na sunkuya kamar yadda na saba, ina kallon siminti. Can gefen allo sai idona ya sauka a kan wani abu da na sani. Daɗi ya kama ni, kamar na tsinci ɗan'uwa a kasuwa.

"Na ga takalmin nan," na ce, na nuna da yatsa.

"Madalla, ashe akwai murya," in ji Hedimasta. "A ina kika gan shi?"

"A ƙofar zauren gidan su Malama."

Na ji alli ya faɗi daga hannun Malama ya karye. Malam Sabi'u ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, irin takalmin nan ai ya cika kasuwa."

"Haka ne," in ji Hedimasta, yana shafa gemu. "Yarinya, ya aka yi kika san nasa ne?"

Ni a tunanina jarrabawar ce aka ci gaba da ita, kuma ga tambayar da na san amsarta. Bakin da ya shekara a ɗinke sai ya warware gaba ɗaya. Na ce na hagun an ɗinke maɗaurinsa da shuɗin zare alhali takalmin baƙi ne. Na ce dunduniyar na daman ta cinye ta waje. Na ce akwai ɗigon farin fenti a kan hancinsa. Ina faɗa, ajin nan kaf suna miƙa wuya suna dubawa. Hedimasta ma ya gyara tabarau ya leƙa. Malam Sabi'u ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, abin da bai ɓoye komai ba sai ma fito da shuɗin zaren da ya yi.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Zulai tana jan hijabina ta baya, na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa take yi.

"Duk ranar da Inna ta aike ni sayen daddawa bayan la'asar ina ganinsa," na ƙara. "Da na Malama a gefensa, koren nan mai duwatsu wanda ba ta zuwa makaranta da shi."

Sai wata babbar yarinya a layin baya ta ce, a natse kamar mai ba da amsar lissafi, "Zance yake zuwa."

Kalmar nan na san ta. A gidanmu ma in mai zuwa wurin ƙanwar Inna ya yi sallama, korar mu ake yi daga zaure, a ce kuma kada mu kuskura mu faɗa a waje. Sai a lokacin na ɗaga kai na kalli fuskar Malama, karon farko a shekarar. Ba ta bari na gani da yawa ba, ta ja gyale ta rufe fuskar, ta juya tana goge allon da babu rubutu a kansa. Yara suka fashe da dariya. Na zauna na cusa kaina cikin cinyoyina, kunnuwana kamar an ɗora musu garwashi.

Hedimasta ya miƙe yana danne murmushi. "Malam Sabi'u, wannan dai ta wuce. Taka ce baɗi, sai ka riƙe ta da kyau." A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Allah ya sanya alheri."

Da labari ya isa gida (ya riga ni isa), Inna ta riƙe haɓa ta daɗe tana kallona. "Magana ɗaya na ce miki," ta ce. "Ɗaya." Da yamma ta tasa ni gaba zuwa gidan su Malama na durƙusa na ba da haƙuri. Malama ta ce ba komai, yarinta ce, amma ba ta yarda mun haɗa ido ba, ni ma ban nema ba.

Haka na wuce aji biyu tare da Zulai, aka kuma ajiye ni a layin gaba, daidai teburin Malam Sabi'u. Shekara guda cur bai taɓa yi mini tambaya ba, ni ma ban ɗaga hannu ba. Mun zauna lafiya ƙwarai.

Abin da na koya shi ne, in babba ya ce ki faɗi duk abin da kika gani, ba duka yake nufi ba. Kuma yana da kyau mutum ya tanadi mota ta biyu.