Hoton Samartakar Oga

Ba zan taɓa mantawa da walimar sallamar Alhaji Buba ba. Ko na so in manta, abokan aikina ba za su bari ba.

Alhaji Buba shi ne daraktan sashenmu a wata hukumar tarayya da nake aiki a nan Abuja. Dogon Bafulatani ne mai furfura, saje da gemu sun rufe masa kumatu ruf. Ba ya faɗa, ba ya kuma sakin fuska. Da lokacin ritayarsa ya zo aka kafa kwamitin walima, Madam Ngozi ta zama shugaba. Ba a sa ni a ciki ba. Ni na cusa kaina.

A lokacin na sami wata manhajar gyaran hoto da ta hana ni zama lafiya. Duk hoton da ya faɗo hannuna sai na ƙara masa kaifi. Na gyara na aurena, na gyara na sunan 'yata, har na tuwon da matata ta ɗauka ban ƙyale ba. Ina kuma da buri. So nake a mayar da ni sashen yaɗa labarai, inda ake rataya kyamara ana bin manya wurin taro, in huta da jigilar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Tunda duk manyan hukumar za su halarci walimar, na ga dama ce ta zo har gida.

Matar Alhaji ce ta turo wa Madam wani tsohon hotonsa a ɓoye. Yana saurayi aka ɗauke shi a rugarsu, riƙe da igiyar wata farar saniya, shekarar da zai tafi jami'a. Shi kaɗai ne hoton samartakarsa da ya rage. Ba ma ainihinsa muka samu ba, waya aka sa aka ɗauki tsohon katin, hannun mai ɗaukar kuma ya yi rawa. Fuskar ta yi dishi-dishi, kamar kana leƙen mutum ta gilashin mota ana ruwa.

"Za ka iya gyara ta?" in ji Madam da Hausarta ta Abuja. "Muna so mu sa shi babban firem, oga ya ga kanta yana yaro."

"Madam, kafin shayinki ya huce na gama," na ce. (Allah ya shirya bakina.)

A manhajar akwai wani ɗan maɓalli da ake ja, gefen kowane abu ya ƙara fitowa. Na ja kaɗan, ƙahonin saniya suka fito raɗau. Na ƙara ja, fuskar Alhaji ta zama kamar an watsa mata gero, wani farin zobe ya zagaye hularsa. Na koma baya, ta sake dushewa. Na ja, na saki, na ja, na saki. Shayin Madam ya huce, aka tashi daga aiki, ban gama ba.

Daga nan hoton ya zame mini ciwo. Na tura shi wayata, ina cikin motar haya daga Jikwoyi, mun maƙale a cunkoson Nyanya, ina ta matsa fuskar oga da ɗan yatsa har na kusa da ni ya tambaye ni ko cigiya ake yi. A gida abinci ya sha hucewa a gabana. Ko a sahun salla sai in ji hancin Alhaji ya faɗo mini a rai (Allah ya karɓa haka nan). In na ce na bari, in miƙe in sha ruwa, sai in tarar da kaina a gaban kwamfuta.

Ana haka na gano wani maɓallin da ban taɓa gwadawa ba, wanda manhajar ke cike wa fuska abin da ya ɓace da kanta. Na danna. Sai ga ido, ga gira, ga hanci siriri. Na ji kamar in yi guɗa. Wasu baƙaƙen layuka dai suka rage a kumatu da gefen baki, na ce tsufan kati ne, na goge su tas. Akwai wani ɗan duhu tsakanin haƙoran gaba, na ce datti ne, na cike shi. Na sake danna maɓallin don ya ƙara kyau. Na adana da suna "na ƙarshe", sannan "na ƙarshen gaske", sannan "na ƙarshe wallahi". A duk tsawon nan ban taɓa ajiye shi kusa da na asalin na kwatanta ba. Me zan duba a abin da na riga na wuce?

Madam ta gani a waya, ta ce ashe oga ya yi kyau da ƙuruciya. Ni da kaina na kai shi wata maɗaba'a a Idu, aka buga shi kusan tsayin ƙofa, na lulluɓe shi da farin yadi.

Ranar walima zaure ya cika. A layin gaba, kusa da shugaban hukuma, an zaunar da Inna, mahaifiyar Alhaji, 'yar tsohuwa mai sanda da aka ɗauko daga rugarsu ta bayan gari. Bayan jawabai Madam ta kira sunana, ta ce ƙwararrenmu ne. Da na yi shiru na yaye yadin kawai, da da sauƙi. A'a, sai da na karɓi makirufo.

"Jama'a," na ce, "yau fasahar zamani za ta dawo mana da abin da shekaru suka ɓoye."

Na yaye. Aka fara tafi daga baya. 'Yan layin gaba kuwa sai kallon juna suke. Alhaji ya sa tabarau, ya duba, ya cire, ya goge, ya mayar. Inna ta dogara sandarta ta taso a hankali har gaban firem ɗin. Madam ta ɗauka kukan daɗi za ta yi, ta karɓe makirufon daga hannuna ta kai mata baki.

"Saniyar nan tamu ce," in ji Inna. "Na gane ta. Amma ɗan wa ne wannan ya riƙe mana ita?"

Madam ta ce, "Mama, oga ce. Ɗanki."

"Buba? Ina zanen fuskarsa? Ina wushiryarsa? Ni dai ban haifi wannan ba."

A nan ya kamata ƙasa ta tsage in shige. Da ba ta tsage ba, sai na ji bakina yana cewa, "Inna, ai gyara shi aka yi."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ba fushi, tambaya kawai take yi tsakaninta da Allah.

"Da me ya same shi?"

Zauren ya fashe. Shugaban hukuma ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Shi kansa Alhaji ya ƙyalƙyale, a ranar na fara ganin haƙoransa, ga wushirya nan ƙatuwa a tsakiya. Ni kuwa ina tsaye da farin yadi a hannu, na rasa inda zan ajiye shi, sai na shiga ninke shi kamar wanda aka ɗauko don wannan aikin.

Da aka watse Alhaji ya kira ni bakin motarsa.

"Malam, ka yi ƙoƙari," ya ce. "Amma ka wanko mini na asalin yadda yake, da dishi-dishinsa. Shi Inna take so."

Na wanko, na kai. An ce tana gani ta ce yauwa.

Sashen yaɗa labarai kuwa, shugabansu ya ce shi hotunan ministoci yake bugawa, yana kuma son ya kai ritaya lafiya. Har yau ina nan ina jigilar fayil, sunana a ofis Mai Gyaran Halitta. Babban firem ɗin ba wanda ya yarda ya ɗauka, dole na kai shi gida. Baƙi suna tambayar wane ne, matata ta ce musu wani ne ba shi da kowa, maigidan ya ɗauko riƙo.

Darasin da na koya ba shi da yawa. Yanzu in aka kawo mini tsohon hoto, kafin in taɓa komai sai na tambaya ko mahaifiyar mai hoton tana raye. In tana raye, saniyar kawai nake gyarawa.