Ɗakin da Na Yi wa Ado da Ɓawon Kifi

Ba zan taɓa mantawa da ƙunshin Babbar Sallar da 'yan matan unguwarmu suka yi a ɗakina ba. Ko ni na manta, tsofaffin ƙawayena da suka rage a Haɗejiya ba za su bari ba, don har gobe in muka haɗu a gidan suna sai wata ta dube ni ta ja hanci, sauran su kwashe da dariya. To, su yi ta yi. Ni dai abin da na sani, a duk unguwar nan ba a taɓa yin ɗakin budurwa mai kyan nawa ba, kuma a kan wannan maganar nake har yau.

A zamanin Turawa ne, shekarun da jirgin ƙasa ke tsayawa a Malam Madori ana loda masa gyaɗa. Ina da shekara goma sha uku ko sha huɗu. A lokacin budurwa ba ta cika samun ɗakin kanta ba, ko dai ta kwana a bayan uwarta ko a ɗakin kaka. Ni a ɗakin kakata nake. Sai ta bi ayarin masu tafiya Makka a ƙafa ta hanyar gabas, tafiyar da ake shekaru ba a dawo ba, ta ce in riƙe mata ɗakin kada gara ta cinye shi. (Riƙewa ta ce. Ban ji ta ce kada a yi masa ado ba.)

Al'adarmu, in Sallah ta matso, 'yan matan tsara ɗaya kan taru a ɗaki guda su yi ƙunshi. Tun da hantsi ake kwaɓa lalle, a ɗaure ƙafafu da ganye da tsummoki, hannu ɗaya a zunguru ɗaya a naɗe, a zauna ana hira har la'asar kafin a kwance. Wadda aka yi a ɗakinta kuwa, ita ce 'yar gaban goshi har wata Sallar. Kullum a gidan su Yagana ake yi. Babanta yana sayen gyaɗa a Malam Madori, ya ware mata ɗaki kusa da na uwarta, an kafe farantan tangaran a jikin bango, ga kwalla a jere, ga gadon ƙarfe. Mu kuwa Babanmu masunci ne, Inna kuma bandar kifi take yi a bayan gida.

Ranar da na faɗa wa ƙawaye na sami ɗaki, Yagana ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Barka. To me za ki jera a ciki, tarun Babanku?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma wallahi maganar ta yi mini ciwo. Nan take na ce bana a ɗakina za a yi ƙunshi. Falmata, wadda ta ɗan girme mu kuma ita ke yanke mana magana, ta ce babu laifi, in na gama su zo su gani, ɗakin da ya fi kyau a cikinsa za a zauna. Na dawo gida ina ta cika baki, alhali ban da tabarmar kakata da gadonta na kara da wata tsohuwar ragaya babu abin da na mallaka.

Amma ku ji abin da na yi, don a nan ne nake so a yaba mini. Na roƙi matan gidanmu muka yi sabon daɓe, muka shayar da shi makuba har ya yi santsi yana ɗaukar ido. Na shafe bango da farar ƙasa, na zagaye gindinsa da jar ƙasa, na ja baƙin layi da gawayi a tsakaninsu, a miƙe sambal ba tare da na gwada da igiya ba. Kaba kuwa ga ta nan a fadama, wa zai saya? Na rina ta da karan dafi na saƙa tabarma mai ratsin ja, na ɗinka faya-fayai manya da ƙanana na jera su daga babba zuwa ƙarami. Ƙoren Inna da suka tsufa na kankare su na goga musu alli, suka koma fes, na rataye a ragaya. Gadon karan ma na lulluɓe shi da wani tsohon saƙi, gefen da ya yage na juya shi ta bango. Ko anini ban tambayi kowa ba.

Na tsaya a bakin ƙofa na duba. Ɗaki ya yi kyau, amma ba ya walƙiya. Tangaran ɗin Yagana kuwa walƙiya yake yi, kuma na san idon 'yan mata, abin da ke sheƙi shi suke bi. Abin nan ya dame ni har abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana nan sai Baba ya dawo daga kogi da manyan bargi, kifin nan mai faffaɗan ɓawo. Inna ta zauna tana kankarewa, ɓawon na zuba a faifai, rana ta faɗa a kai. Jama'a, ban taɓa lura ba sai ranar. Kowane ɗaya faɗin sule, ka juya shi nan ya yi kore, ka juya can ya yi shuɗi, ka ɗaga ya yi fari kamar azurfa. Kuma zubarwa ake yi a juji. Na ce Inna ta bar mini, ta ce in kwashe, ta huta da shara.

Da farko na wanke wasu da toka, sai na ga sheƙin ya dushe. Na ce a'a, ba za a yi haka da ni ba. Sauran na ɗauraye su sama-sama kawai na shanya. (Ku riƙe wannan wurin, a nan na yanka wa kaina.) Lokacin bazara ne, rana kamar ta narka mutum, kafin yamma sun bushe ƙayau. Na jiƙa ƙaro ya yi danƙo, na shiga mannawa ɗaya bayan ɗaya. Na yi da'irori faɗin faranti a jere a saman gado, kowace ɓawo kan ɓawo, tsakiyarta na sa makankarin kogi, ɓawon nan mai sheƙi da ake tsinta a bakin ruwa. Na yi wata da tauraro a saman ƙofa. Sannan na zagaye ɗakin gaba ɗaya da zanen igiyar ruwa, yana hawa yana sauka, kamar kogin in iska ta taɓa shi. Yatsuna har suka yi kanta.

Na kira su da sassafe, lokacin da na san rana za ta shigo ta ƙofa, na kuma tayar da turaren ƙajiji tun kafin su iso. Suka tsaya a bakin ƙofa. Wallahi ɗakin nan sai da ya kama da haske. Sai Falmata ta ce a hankali, "Ke, wannan daga wane kanti aka kawo?"

Na gyara ɗaurin zane na ce, "Ba a sayar da irinsa a kanti."

Yagana ta matso za ta taɓa, na ce ta yi haƙuri bai gama kamawa ba. Ta janye hannu, fuskar nan a murtuke. Falmata ta ce magana ta ƙare, bana a nan za a yi. Ranar ko tafiyata sai da ta sake, har Inna ta tambaye ni ko ƙaya na taka.

Ranar ƙunshi suka cika ɗakin, kowa da sabon kitso. Muka ɗaure wa juna, ta ƙarshe Inna ta ɗaure mata ta koma wurin bandarta. Ni ina kan gado a tsakiya, ƙafafu a miƙe, hannu a zunguru, ina amsa yabo kamar dama can na saba. Wajen azahar sai hadari ya taso daga gabas. Ruwan farko na shekarar ke nan, ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Inna ta rugo ta sakar mana asabari ta tokare shi don kada feshi ya shigo, ta koma kwashe kifinta.

To ga ɗaki a rufe, ga 'yan mata cunkus, ga zufa, ga bango ya fara shan danshi. Ni ban lura da komai ba, sai na ga hira tana raguwa. Wannan ta juya kai, waccan ta cusa hanci a kafaɗa. Can Yagana ta ce, "Wai wa ya ci kifi bai wanke hannu ba?"

Na ce iskar kogi ce ruwan ya koro, yanzu za ta wuce. Ba ta wuce ba. Daga yadda suke yamutsa fuska na gane abin gaba yake yi, ga sauran turaren da na tayar da safe ya haɗu da shi, suka ce gara ma a ce babu turaren. Ruwa na tsagaitawa ƙudaje suka iso ta ƙarƙashin asabari, ba irin na gida ba, manyan nan koraye. Kuma ku tuna, babu mai hannun kora. Sai kaɗa kai ake yi ana hura iska da baki.

Sannan ƙaro ya fara saki. Na ji wani abu ya faɗo ƙas, wani ya biyo. Ɗaya ya sauka a goshin Falmata ya manne. Yagana ta miƙa wuya ta ƙura masa ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga kai ta bi bangon da kallo tun daga wata da tauraro har igiyar ruwa.

Ta ce, "Falmata, ɓawon bargi ne a goshinki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan ce wani abu, sai ga kyanwar maƙwabtanmu ta kutso kai, ko kallonmu ba ta yi ba. Ta haye gado, ta taka cinyata, ta miƙe tsaye ta dafa bango, ta shiga lasar babbar da'irar nan da na fi ji da ita. Kafin in ce mata tafi, wasu sun biyo bayanta. Ashe Falmata, duk girman nan nata, tsoron kyanwa take yi. Ta ƙwalla ƙara ta yunƙura za ta tashi, ta tuna ƙafafunta a ƙunshe suke, sai ta kife ta kama rarrafe da gwiwa da gwiwar hannu, ƙafafu a sama don kada lalle ya ɓaci. Sauran suka bi ta. Haka 'yan matan unguwarmu suka fice daga ɗakina a jere, da rarrafe, cikin taɓon tsakar gida, zunguru na ƙwanƙwasa ƙasa, ɓawon kifi na walƙiya a sabon kitsonsu. Aka bar ni a kan gado ni da kyanwoyi.

Dole aka kwance ƙunshi tun bai kama ba. Ranar Sallah duk tsararmu da dabbare-dabbaren hannu muka fita, wani wuri ja wani wuri kamar an shafa miyar taushe. Duk wanda ya tambaya sai a ba shi labari, kuma kowa da irin gishirin da take ƙarawa. Kafin a gama rabon nama, har Birniwa an ji. Ƙunshi ya koma gidan su Yagana, bai sake dawowa gidanmu ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ban leƙa dandali ba.

Sai dai ga abin da masu ba da labarin ba sa faɗa. Bayan Sallah Yagana ta zo gidanmu ita kaɗai, ta tsaya tana murza bakin mayafi, ta ce, "Wannan zanen ruwan da kika yi, za ki iya yi mini shi a ɗakina? Da farar ƙasa dai." Na bar ta ta ɗan tsaya tukuna, sannan na ce zan duba in na sami sarari. Na yi mata. Daga nan aka fara aiko wa Inna a ba da arona in za a yi jeren amarya, kuma ɗakunan da na yi wa zanen nan a garin ba su ƙirguwa. (Yagana har ta tsufa ba ta iya jan layi a miƙe ba, Allah ya jiƙanta.)

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, a ranar ƙunshin ne ya faru, bayan kowa ta watse. Inna ta tarar da ni ina shessheka, na ce mata wai ɗakina ƙarni yake yi. Ta shiga, ta tsaya a tsakiya, ta ja numfashi, ta juya ta sake ja.

Ta ce, "Wane ƙarni? Ni fa ban ji komai ba."

Ta kira Baba. Ya leƙa, ya shaƙa, ya ce shi ƙamshin turare kawai yake ji, hassada ce ta yaran zamani. Na dube su su biyun, na tuna ni ma ai ban ji komai ba, a fuskokin mutane na gani. Gidan da aka haife mu cikin kifi, muka girma cikin hayaƙin banda, wa ke da sauran hancin jin ƙarni?

Tun daga ranar, in na gama gyaran ɗaki, idona na yarda da shi, don bai taɓa ba ni kunya ba. Hanci kuwa, sai in aika gidan maƙera, inda ba a bandar kifi, a aro mini.