Mai Keke a Bayan 'Yan Wasa

"Lale da ragon miji. Sai yanzu aka ga damar dawowa?"

Da haka Kaka Delu ta tari jikanta Umaru yana jingine babur a tsakar gidansu na Bungudu. Gusau ta aike shi neman faifan wani tsohon wasan barkwanci da aka yi yayi a talabijin tun uwarsa tana goye. Abin da ta ɓoye masa shi ne, marigayi mijinta ya gifta a cikin wasan ranar da aka ɗauka a kasuwa. Malam bai bar hoto ko ɗaya ba, ga shi kamanninsa sun fara ɓace mata, abin yana cin ta a rai. To amma matar da ko sunan miji ba ta taɓa kamawa ba, har jikan da ya ci sunan sai dai ta laƙaba masa na tsiya, ina za ta iya wannan bayani?

"Amarya ƙi-mutu," in ji Umaru. "Kin sa na kewaye Gusau dut, awa mai cigiyar akuya. Ga tsiyarki nan."

"Tsiya tana gidanku."

"Ai gidan namu kike zaune."

An yi sa'a akwai wuta. Ya saka faifan, hoto ya fito dishi-dishi, murya kuma a shaƙe.

"An cuce ni," ya ce. "Ko zanen gawayi ya hi wanga. Bari in koma in musanyo miki sabon fim mai kala."

"Taɓa shi ka ga ikon Allah. Da tsohuwar zuma aka magani."

"Wagga zuma ta yi tsami. Ke da shi sa'o'in juna na, ga hazo ga rashin haƙora."

"Yaro man kaza. Waɗanga mutane da buta ɗaya da tabarma suka sa unguwa guda taruwa gidan mai talabijin, mu yi dariya har a yayyahwa ma wasu ruwa. Naku na yanzu ga motoci ga benaye, mutum ya kalla ya tashi awa ya dawo ta'aziyya."

"Dariyar ce ta kwashe miki haƙora ke nan."

"Goron da ba ka saye ya kwashe su, matsolo."

"Ni dai mai shago ya ce in bai yi ba in maido kahin la'asar."

Ya miƙa hannu zai cire, ta make shi da mafici. Daidai nan wasan ya shiga kasuwa. A bayan 'yan wasan wani dogon mutum ya turo keke, ya ci birki, ya tsaya yana kallon masu ɗauka.

Umaru ya fashe da dariya. "Ji wani baƙauye ya saki baki. Ga kunnuwa awa maruhin tukunya."

"Shahwa naka ka ji."

Ya shafa. Sai ya sake duban keken: ga kwando a gaba, ga ƙararrawa a karkace, sak wanda ke rataye a zaurensu tun yana rarrafe. Nan take ya daina dariya.

"Mai da shi baya," ta ce a hankali.

Ya mayar. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ce ya ƙara. Ladan ya kira la'asar, ba wanda ya tada zancen shago.

Can Umaru ya gyara murya. "Kaka, wane na wanga? Ki hwaɗi sunanshi, in ba haka ba gobe faifai ya koma Gusau."

"Ɗan nema." Tana dariya tana goge ido da gefen mayafi. "Ka ci, na sallama. Tahi zaure ka sauko da keken, na ba ka. Sai dai ka nemi wata matar, ni maigidana ya dawo."