Barewar da Ta Ƙi Hanyar Fako

A wani daji da kogi ya raba gida biyu, in rani ya tsananta dabbobin gabas sukan ƙaura zuwa fadamar yamma, inda ciyawa ba ta bushewa. Hanya biyu ce. Akwai mashigi, wanda in ka tashi da hantsi kafin azahar kana can. Akwai kuma zagaye ta fako, tafiyar kwana shida ba inuwa ba ruwa, har a kai inda kogin ya nutse cikin yashi.

Shekara tara da suka wuce, kada ya kama wani ɗan gwanki a mashigin, a gaban kowa, uwarsa na ihu a gaɓa. Tun daga ranar ba wanda ya sake sa ƙafa a ruwan. Har waɗanda ba a haifa ba a lokacin sun san launin ɗan gwankin da irin kukan da ya yi. Fako kuwa yana ci kowace shekara, amma a hankali yake ci. Wanda ya gaji sai ya koma bayan ayari, ya kwanta, ayari ya wuce. Sai an isa fadama a ga babu wane, a ce kwanansa ne ya ƙare.

Akwai wata barewa ana ce mata Ladidi. Fako ya ci 'ya'yanta biyu, bara kuma ya ci yayarta. 'Ya ɗaya ta rage mata, wadda ƙafarta ba ta yi ƙwari ba. Ladidi ta ƙudura cewa wannan ba za ta mutu a kan tsandauri ba. Ta yi wata guda tana zuwa bakin mashigi tana kallo. Ta tambayi dorinar da ke wajen, dorina ta ce kadan yana nan da ransa, amma can ƙasa a gurbi mai zurfi. Da rani ruwan mashigi iya gwiwa ne, ba ya ɓoye shi, kuma shekarar da ya yi kamun, ruwa ne ya yi jinkirin janyewa. Daga nan ta bi gida gida tana tambayar waɗanda aka rasa a fako, kowanne ta ɗauki tsakuwa ɗaya.

Saura kwana goma a tashi, majalisa ta zauna a gindin kuka, Barau ɓauna yana shugabanta. Ladidi ta zube tsakuwoyinta, suka yi tsibi, ta ajiye guda ɗaya tilo a gefe.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗayar ta kada ce, shekara tara. Tsibin nan na fako ne. Ban ce mashigi ba shi da haɗari ba. Na ce mun guje wa mai cin ɗaya mun faɗa bakin mai cin ɗari, kuma kowace shekara mu muke kai masa kanmu da ƙafarmu."

Barau ya dubi Malam Mati zalɓe, masanin majalisa, wanda ya yi suna da ilimin saye da sayarwa. Malam ya miƙe wuya ya gyara murya.

Ya ce, "Ina taya wannan baiwar Allah baƙin ciki, amma baƙin ciki ba hujja ba ne. Abin da magabata suka tabbatar shi ne, kowace dabba tana da ma'auni a ƙirjinta. Kafin ta ɗaga ƙafa sai ta ɗora riba a hannu ɗaya, hasara a ɗaya, ta bi wanda ya rinjaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, shekara tara dubun dabbobi suna aunawa, duka suna zaɓen fako. Ashe fako ya fi araha ke nan, ko da mu ba mu ga ta inda ya fi ba. Waɗannan tsakuwoyi kuwa, Allah ya ji ƙansu, an riga an sa su cikin awon. In muka ce za mu gyara wa jama'a zaɓinsu, mun ce ba su da hankali, ni kuwa ba zan zagi jama'a ba."

Aka yaba da jawabin ƙwarai. Shi dai Malam fiffike gare shi, bai taɓa taka fako ba. Dabbobi da yawa suka zo suka dubi tsibin, suka kaɗa kai, suka ce gaskiya Ladidi ta faɗa. Da aka watse, ta ji su a hanya suna shawarar wanda zai ja gaba a fako.

Ba ta koma gida ba, sai ta wuce kasuwa wajen Iya Tasalla beguwa, mai sayar da kanwa, wadda ta yi ƙawance da uwarta. Ta kwashe labari ta faɗa mata. Iya ta yi dariya har ƙayoyinta suka kaɗa.

Ta ce, "'Yar nan, shekara talatin ina kasuwa, ban ga ma'aunin nan na Malam ba. In rumfata ba kowa, mai wucewa ko kallo ba ya yi. In uku suka tsaya, sai goma su taru, kanwar kuma ita ce dai ta jiya. In na ce ka saya za ka ji daɗi, sai ya ce gobe. In na ce ta kusa ƙarewa, sai ya dawo da gudu. Kin kai musu tsakuwa, tsakuwa ba ta da uwa mai kuka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ko da guduwar cikin rijiya ce. Kada ki yi gardama da tsoronsu. Ki ba idonsu wani abin kallo."

Washegari da hantsi Ladidi ta tsaya a bakin mashigi, a daidai lokacin da dabbobi ke kiwo a tudu suna iya hangen ta. Ta san zurfin ruwan, ta san inda kada yake, ita ce ma ta tara tsakuwoyin. Duk da haka ƙafafunta suka ƙi, wani guntun itace da ke yawo a ruwa ya zame mata kai mai haƙora. A nan ta gane ita ma ba ma'auni ne a ƙirjinta ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta cije ta shiga. Da la'asar ta dawo da ɗanyar ciyawa a baki, ta ratsa tsakiyar masu kiwon ƙaiƙayi ta wuce.

Ta maimaita kashegari, ta kuma maimaita. Aka ce ta haukace, aka ce asiri ne da ita, aka ce gobe kada zai gama da ita. A rana ta huɗu wata gada da ta rasa mijinta a fako ta bi ta. A ta bakwai masu bin ta sun kai takwas.

Ranar tashi, ayari ya taru a mararraba. Ladidi ta hau suri, ta fara kiran sunayen waɗanda fako ya ci, kowanne da sunan uwarsa da inda ya kwanta. Ba ta kai rabi ba kuka ya tashi ta ko'ina, don ba gidan da bai ji nasa ba. Sai ta ce, "Kowa ya dubi ɗan da ke gefensa. Wasu daga cikinsu ba za su ga fadama ba in kun bi can. Ni ga tawa." Ta sa 'yarta a gaba, suka gangara ruwa, su takwas ɗin na biye.

Na kusa da su suka bi don sun ga ana bi, na bayansu suka bi don kada a bar su. Kusan rabin ayari ya tsallake kafin azahar, ba wanda ya rasa ko kofato. Sauran suka bi Barau ta fako, suka iso bayan kwana shida, ba duka ba. Shekara ta gaba masu mashigi suka ƙaru, 'yar Ladidi kuwa ta girma har ta yi 'ya'ya.

Majalisa ta damu da yadda aka sauya hanya ba da saninta ba, sai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Malam Mati ya binciko dalili. Kwamitin ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya je fadama ya ji ta bakin waɗanda suka tsallake. Malam mai fiffike ya riga ya isa tuni. Sauran membobin ana sa ran su, don ta fako suka bi.